TARIHIN HOTON ASIBITI DA MA'AIKATANSA: WAIWAYE DAGA ƘASAR ZURU

1.0 GABATARWA

Kalmar hoto baƙuwa ce a bakin Hausawa, aro ce daga Ingilishi, amma ta zauna har ta yi rassa. Akwai hoton da ake ɗauka ranar suna ko ranar biki, akwai hoton majigi, akwai kuma wanda in an ambace shi hankalin dangi yakan tashi, wato hoton asibiti. In aka ce likita ya rubuta wa wane hoto, kowa ya san ciwon ya wuce na jiƙo da sassaƙe, kuma tafiya ta kama, kuɗin mota da na guzuri sun hau wuyan maigida.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan hoto tun daga inda aka gano shi har zuwa shigowarsa ƙasar Hausa, ta kuma dubi mutumin da yake ɗaukarsa, wanda kusan kowa ya taɓa tsayawa gabansa amma kaɗan ne suka san sunan sana'arsa. An zaɓi a yi waiwayen daga garin Kanya, cikin Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru a Jihar Kebbi, domin daga gari irin wannan, wanda yake nesa da manyan asibitocin koyarwa, aka fi ganin tazarar da ke tsakanin inji da mai buƙatarsa. Abin da tarihin zai nuna shi ne, injin ya riga ma'aikacinsa isowa Arewa da shekaru masu yawa, kuma har yau ba a gama cike wannan giɓi ba.

2.0 KAFIN ZUWAN HOTO

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Haka masu magani na gargajiya suka yi aiki tun kaka da kakanni: abin da ke cikin jiki ana karanta shi ne daga waje. Boka yana duban ido da harshe da launin fitsari. Wanzami yana latsa kumburi ya ji ko ya nuna kafin ya yi sakiya ko ya kafa ƙaho. Ungozoma tana shafa ciki ta faɗi kwanciyar ɗa. Amma wanda aikinsa ya fi kusa da zancenmu shi ne maɗori.

Ɗori sana'a ce ta gado. Maɗori yakan bi gaɓa da yatsunsa har ya gano inda ƙashi ya rabu, ya sa a riƙe majinyaci, ya ja, ya daidaita, sa'an nan ya jera tsiraran kara ko na itace ya ɗaure da tsumma. A ƙasar Zuru, inda noma da kokawa da farauta suke cikin rayuwar samari, karaya da targaɗe da gocewar ƙashi ba baƙin abu ba ne, kuma maɗora sun warkar da mutane masu ɗimbin yawa. Sai dai yatsa yana da iyaka. Ba ya bambance tsagewar da ta shiga cikin gaɓa da wadda ta tsaya a tsakiyar ƙashi, ba ya ƙidaya gutsattsarin ƙashin da ya ragargaje, ba ya kuma gano inda harsashi ya maƙale. Daɗin daɗawa, in ɗauri ya yi tsanani a kan hannun da ke kumbura, jini yakan tsaya, naman ya mutu, har abin ya kai ga yankewa. Wannan iyaka ta yatsa ita ce hoto ya zo ya kawar, gani kuwa ya kori ji.

3.0 YADDA AKA GANO HASKEN

Ranar 8 ga Nuwamba 1895, wani malamin kimiyya Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen yana gwaji a Jami'ar Wurzburg da wata kwalba da aka zuƙe iskar cikinta, aka ratsa ta da lantarki. Ya rufe kwalbar da baƙar takarda, amma duk da haka sai ya ga wani allo da aka shafa wa sinadari yana ƙyalli a can gefe. Ya gane cewa akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda yake keta takarda da katako da tsoka. Da yake bai san asalinsa ba sai ya laƙaba masa harafin da masu lissafi suke bai wa abin da ba a sani ba, daga nan aka sami sunan eksire. Ranar 22 ga Disamba na wannan shekara ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan yatsunta suka fito tare da zobenta. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziya. Bai yi wa abin da ya gano rajistar mallaka ba, saboda haka cikin 'yan watanni masana a ƙasashe da dama suka ƙera nasu injunan.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Hasken yana fita daga kan inji, ya ratsa jiki, ya faɗa kan fim da ke bayan majinyaci. Inda ya wuce a sauƙaƙe, kamar huhu mai cike da iska, fim yakan yi baƙi. Inda ƙashi ya tare shi, wurin yakan fito fari. Tsoka da kitse sukan tsaya tsakanin biyun. Ashe ke nan abin da muke kira hoto inuwa ce, kuma kamar kowace inuwa, siffarta ta dogara ga yadda aka tsayar da mai ita. Wannan shi ne tushen gwanintar ma'aikacin hoto.

Afirka ba ta daɗe ba ta ga wannan inji. Bayan yaƙin Umdurman a Sudan cikin Satumba 1898, wani likitan sojan Ingila, Manjo John Battersby, ya yi amfani da shi wajen neman harsasai a jikin sojojin da suka yi rauni. Da yake babu lantarki a wurin, sai aka haɗa injin caji da keke mai sirdi biyu, sojoji suna tuƙawa batura suna cika. Wannan ya faru ne shekara biyar kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Mai karatu zai lura cewa matsalar da Battersby ya fuskanta, wato wuta, ita ce dai take hana injuna aiki a asibitocin karkara da dama har yau, ko da yake an kammala madatsar ruwa ta Kainji tun 1968.

Ba a daɗe ba kuma aka gane cewa hasken yana da dafi. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, wanda ya yi ta gwaji da hannuwansa, ya ƙone, aka yanke masa hannuwa, ya mutu a 1904. A 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a birnin Hambag na Jamus, ɗauke da sunaye 169 na likitoci da ma'aikata da hasken ya halaka. Daga irin wannan asara aka koyi cewa ba kowa ne za a bar wa injin ba. A 1913 William Coolidge ya ƙera kwalbar da ake iya daidaita ƙarfinta. A Yaƙin Duniya na Farko Marie Curie ta shirya motoci masu injin hoto a Faransa, ta kuma koyar da mata aikin. A 1920 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan hoto a Landan, a 1928 kuma aka kafa kwamitin duniya na kariya daga wannan haske a taron Istokholm. Daga nan ɗaukar hoton asibiti ya zama sana'a mai makaranta da jarrabawa da dokoki.

4.0 SHIGOWARSA NIJERIYA TA AREWA

Asibitocin farko da Turawan mulki suka gina an yi su ne domin ma'aikatan gwamnati da sojoji. Daga baya ne En'e-En'e da 'yan mishan suka buɗe asibitoci da ɗakunan shan magani domin talakawa, kamar asibitin birnin Kano da na Wusasa a Zariya. Injin hoto kuwa abu ne mai tsada, yana bukatar lantarki da ɗaki mai duhu da ruwan wanki da fim da ake kawowa daga Turai, saboda haka manyan garuruwa kaɗai suka same shi. Ƙasar Zuru a lokacin tana can gefen Lardin Neja, nesa da hedikwata. Sai a 1976 aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, a 1991 kuma ta shiga sabuwar Jihar Kebbi.

Akwai wata hanya da mutanen wannan yanki suka san maganin Turawa tun da wuri, ita ce aikin soja, wanda Zuru ta yi suna a kansa a duk Nijeriya. A Yaƙin Duniya na Biyu samarin Arewa masu yawa, har da na ƙasar Zuru, sun shiga Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a Bama. Soja kuwa ba ya rabuwa da gwajin likita, tun daga ranar ɗauka har ranar sallama. Asibitin ƙashi na Igbobi a Legas ma ya samo asali ne daga kula da raunanan wannan yaƙi. Na Dala a Kano an buɗe shi a 1959, kuma asibitin ƙashi ba ya aiki sai da ɗakin hoto.

Bayan karaya, ciwon da ya fi yaɗa sunan hoto shi ne tarin fuka. A 1936 wani likitan Barazil, Manoel de Abreu, ya fito da dabarar ɗaukar ƙananan hotunan ƙirji masu araha domin a duba jama'a da yawa cikin ɗan lokaci. Sannu a hankali hoton ƙirji ya shiga cikin gwajin lafiyar mai neman aikin gwamnati da mai shiga babbar makaranta. Ta haka mutanen da lafiyarsu ƙalau suka fara shiga ɗakin hoto, tsoronsa ya ragu.

To, su wane ne suke ɗaukar hotunan? Da fari Turawa ne, da 'yan ƙasa da suka koya a bakin aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara koyar da aikin a makaranta a Legas, daga baya kuma a Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957. Ɗaliban suna zaunawa ne jarrabawar ƙungiyar Landan, takardar shaidarsu daga can take zuwa. A 1958 ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu ta Nijeriya. A farkon shekarun 1980 Jami'ar Kalaba da Jami'ar Nijeriya a reshenta na Inugu suka fara ba da digiri a fannin. A 1987 gwamnati ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan hoton asibiti da Doka mai lamba 42, a wannan shekara kuma aka kafa injin siti-sikan na farko a ƙasar nan a Ibadan, shekara goma sha shida bayan Godfrey Hounsfield ya gwada shi a kan majinyaci a Landan a 1971.

Duk garuruwan nan da aka lissafa a Kudu suke. Arewa ta sami makarantar duba-gari a Kano da ta haɗa magunguna a Zariya tun shekarun 1930, ta sami Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da ta Sakkwato a 1975, ta yaye likitoci da nas-nas, amma digirin hoton asibiti bai samu a jami'o'in Maiduguri da Kano da Sakkwato ba sai bayan shekarar 2000. Wato fiye da shekara ɗari bayan gwajin Rontgen. Kafin nan, yaron Kanya ko Ribah ko Wasagu da yake son wannan aiki sai ya ƙetare Kwara, in har ya taɓa jin cewa akwai aikin.

5.0 SANA'AR DA BA TA SAMI SUNA BA

Wannan jinkiri ya bar tabo a harshe. Ma'aikatan lafiyar da suka zauna cikin jama'a tun zamanin En'e duk Hausa ta raɗa musu suna: malamin asibiti, duba-gari, ungozoma, mai allura. Ma'aikacin hoto kuwa ana ce masa likita, kamar yadda ake ce wa duk namijin da ya sa farar riga, ko a ce mai hoto, kamar dai mai ɗaukar hoton biki. Alhali kuwa mutum uku ne suke aiki a wannan sashe. Akwai radiyogirafa, wanda yake tsayar da majinyaci, ya zaɓi ƙarfin haske, ya ɗauki hoton. Akwai radiyolojis, likita ne da ya ƙware wajen karanta hoto da rubuta bayaninsa. Akwai kuma mai wanki, wanda yake aiki a ɗaki mai duhu, ko da yake aikinsa yana ja da baya tun da hoto ya koma kan kwamfuta. Zai kyautu masu tsara kalmomi da gidajen rediyo su tsayar da ma'aikacin hoton asibiti ga na farko, likitan hoto ga na biyu, domin yaro ba ya burin sana'ar da bai san sunanta ba.

Haka kuma kalmar hoto ita kaɗai take ɗauke da abubuwa da yawa. Hoton ƙashi da hoton ƙirji da siti-sikan duk da hasken eksire ake yin su. Hoton ciki da ake yi wa mai juna biyu, wanda wasu suke ce wa sikanin, da sauti ake yin sa, dabarar da Ian Donald na Gilasgo ya bayyana a 1958, kuma babu wannan haske a cikinsa. Emarai kuwa da maganaɗisu yake aiki. Rashin bambancewa yana jawo ɓarna iri biyu: wata mai ciki ta ƙi sikanin don ta ji an ce hoto yana illa ga ɗa, wata kuma ta shiga hoton eksire ba ta faɗi tana da ciki ba. Akwai ma waɗanda suke ɗaukar hoto a matsayin magani, su matsa a yi musu ko likita bai nema ba.

A cikin ɗakin hoto kuwa, rabin aikin magana ce. Ƙasar Zuru ƙasa ce mai harsuna da yawa: akwai Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Fulani, kuma Hausa ce take haɗa su a kasuwa da asibiti. Hoton ƙirji ba ya kyau sai majinyaci ya manna ƙirjinsa ga allo, ya ja numfashi ya cika huhu, ya riƙe, bai motsa ba. In tsohuwa ba ta fahimci umarnin ba hoton zai ɓaci, a sake, ta sha haske sau biyu, ta kuma biya kuɗi sau biyu. Kafin ɗauka dole a cire sarƙa da 'yan kunne da jigida da laya da guru, domin ƙarfe da duwatsu sukan fito fari su rufe abin da ake nema. Sa dattijo ya kwance layar da ya shekara ashirin bai rabu da ita ba yana bukatar lafazi. Haka nan tambayar matar aure yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, alhali mijinta ko surukarta tana tsaye, aiki ne na wanda ya san kunya da sakaya zance. Wanda ya tashi cikin jama'ar shi ya fi iya wannan, mace kuma ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace.

6.0 HALIN DA AKE CIKI DA HANYAR SHIGA AIKIN

Bukatar hoto a karkara ƙaruwa take yi. Babura sun yawaita, haɗarinsu ya yawaita. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a Afirka. Ga kuma raunin harsashi, wanda a da sai a fagen fama, yanzu ya iso gona da kasuwa. Kanya kanta ta ga wannan masifa a watan Maris 2022, lokacin da 'yan bindiga suka kashe sojoji da 'yan sanda a yankin. Wanda ya sami mummunan rauni a irin wannan wuri yakan nufi babban asibiti a Zuru, in abin ya fi ƙarfin nan a wuce da shi Birnin Kebbi ko Sakkwato, a kan hanya mai nisa, da ƙashi a karye. Shi ya sa da yawa suke komawa ga maɗori. Wasu maɗoran ma yanzu sukan ce a je a yi hoto a kawo musu kafin su taɓa, wanda ci gaba ne, ko da yake riƙe hoto daban, iya karanta shi daban.

Injunan kuwa sun yi sauƙi fiye da da. Akwai na zamani marasa fim da ake ɗauka a mota ko a jaka, masu aiki da batir da hasken rana. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen tantance hoton ƙirji domin neman tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. Ana iya aika hoto ta intanet likita ya karanta shi daga wani gari. Amma har yanzu sai an sami wanda zai tsayar da majinyaci daidai, ya taƙaita hasken ga wurin da ake nema, ya kare kansa da jama'a da bango da rigar dalma, ya kuma ɗaura ɗan ma'aunin da yake ƙidaya hasken da jikinsa ya sha. Dokar kariya daga irin wannan haske ta 1995, da hukumar da ta fara aiki a ƙarƙashinta a 2001, sun wajabta wa duk mai injin ya sami lasisi.

Ga ɗalibin da yake sha'awa, hanyar ita ce ya ci Ingilishi da lissafi da fiziya da kimistiri da bayoloji a jarrabawar gama sakandare, ya zauna jarrabawar shiga jami'a, ya yi shekara biyar yana karatu. A ciki zai koyi ƙirar jikin ɗan'adam, da kimiyyar haske, da sarrafa injuna, da kula da majinyaci. Sa'an nan ya yi shekara guda ta horo a asibitin da aka amince da shi, ya yi rajista da hukuma, ya yi hidimar ƙasa. Daga nan yana iya ƙwarewa a sikanin, ko siti-sikan, ko emarai, ko gashin ciwon daji, ko ya koma jami'a ya koyar. Aikin yana da kasuwa har a ƙasashen waje, kuma wannan ne ya sa ƙwararru da dama suke tafiya Ingila da ƙasashen Larabawa, waɗanda suka rage kuma suka taru a manyan birane.

7.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta bi hoton asibiti daga Wurzburg a 1895 zuwa Umdurman, daga Legas da Ibadan zuwa jami'o'in Arewa, ta kuma nuna cewa sayen inji ya fi samar da ma'aikaci sauri a kowane zamani. Gwamnati tana iya sauke inji a asibiti cikin yini guda, amma ma'aikacinsa sai an shekara shida ana renonsa, kuma renon yana farawa ne daga ɗakin gwajin kimiyya na makarantar sakandare. Saboda haka abin da ya kamaci Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin masarautar Zuru shi ne su gyara koyar da kimiyya a makarantun karkara, su ɗauki nauyin 'ya'yansu maza da mata a wannan fanni bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki na wasu shekaru, su kuma tanadi wuta da albashin da zai zaunar da su. Malaman Hausa kuma nasu aikin shi ne su tsayar da sunayen sana'ar da na ire-iren hoton, su shigar da su littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo, yadda manomin Kanya zai san abin da aka rubuta masa, ɗansa kuma ya san akwai aikin da zai iya nema.